Gona, bashi da gado: wace ƙofa talaka zai ƙwanƙwasa a Tasawa da Mayahi?

Cikin tambayoyin da masu saurare ke aiko mana a gidan rediyo, abubuwa uku ne suka fi yawan dawowa: gona, bashi da gado. Wata za ta ce mijinta ya rasu, ƙannensa sun shiga gonar da ta saya da ribar ƙuli-ƙulinta. Wani zai ce ya ba abokin cinikinsa buhu ashirin na wake, shekara ta zagayo bai ga ko dala ba. Wani kuma mai shago ne ya ba shi kwana uku ya kwashe kayansa. Idan muka tambaye su ko akwai takarda, amsar kusan ɗaya ce: “Ai ɗan'uwa ne, ai da amana tsakaninmu.”

Amana abu ne mai kyau, da ita kasuwa ke ci. Amma tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma ranar da aka saɓa, alƙali ba ya ganin zuciya, hujja yake nema. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya, domin mai haƙƙi ya san inda zai dosa kafin ya ƙare kuɗin jarinsa wajen biyan mota.

Ƙofar farko: fada

A ƙidayar jama'a ta 2012, gundumar Tasawa da ta Mayahi kowace ta haura mutum dubu 500. Jama'a na ƙaruwa, gona ba ta ƙaruwa. Kotu tana babban garin gunduma, babbar kotu tana Maraɗi, mafi yawan lauyoyin ƙasar nan kuma Yamai suke zaune. Don haka mutumin Urafan, ko Korgom, ko Kanambakashe, wanda ya fi kusa da shi shi ne mai gari da sarki.

Doka ta san da haka. Doka mai lamba 2015-01 ta ranar 13 ga Janairu 2015, wadda ta tsara sarautun gargajiya, ta ba sarakuna ikon sasanta mutane kan al'amuran gargajiya, da na zaman tare, da na ciniki. A kula da kalmar: sasantawa. Sarki yana sulhu ne, hukunci aikin alƙali ne. Kuma dokar ta ce a rubuta abin da aka yi. In an shirya, a yi takardar sulhu, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. In ba a shirya ba, a yi takardar rashin sulhu.

Nan ne da yawa daga cikinmu ke sakaci. A yini a fada, a yi rantse-rantse, a shafa fatiha, a watse ba rubutu. Bayan shekara biyar dattawan da suka halarta wasu sun rasu, wasu sun manta, sai magana ta dawo ɗanya. Alhali takardar sulhun nan ana iya kai ta kotu alƙali ya tabbatar da ita, ta samu ƙarfin da za a tilasta wa wanda ya saɓa. Ita kuma takardar rashin sulhu, a rikicin gona ita ce mabuɗin kotu, domin doka ta wajabta a fara bi ta wajen sarakuna kafin a je gaban alƙali. Wanda ya tsallake fada ya nufi kotu kai tsaye, akasari fadar za a sake maido shi.

Gona: aro, jingina da saye

Babbar dokar karkara, mai lamba 93-015, ta fito ne ranar 2 ga Maris 1993. Jihar Maraɗi ta san dalilin da ya sa ake bukatar irinta, domin a nan ne, a Toda, cikin watan Oktoba 1991, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari. Wani muhimmin abu da dokar ta faɗa shi ne, haƙƙin da mutum ya samu ta hanyar gargajiya da wanda ya samu ta rubutacciyar doka, kariya ɗaya suke da ita. Wato gonar da ka gada kaka da kakanni taka ce ko ba takarda. Sai dai ranar da wani ya yi jayayya, kai ne za ka nemo shaidu, shaidu kuwa suna tsufa.

Domin haka aka kafa hukumomin filaye da jama'a ke kira Kofo. Hawa uku ne: ta gunduma wadda perfe ke shugabanta, ta komin, sai ta ƙauye wadda mai gari ke shugabanta tare da wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa. Inda babu ta ƙauye, a nufi ta komin. Kofo ba kotu ba ce. Aikinta shi ne ta je gona, ta kira maƙwabta su nuna iyaka, ta sanar da jama'a ko da mai ƙorafi, sannan ta ba da takarda ta kuma ajiye kwafi. Kowane irin ciniki yana da takardarsa: ta mallakar gado, ta saye, ta kyauta, ta haya, ta aro, ta jingina.

Biyun ƙarshen nan su suka fi raba zumunci. A ce mutum ya matsu a lokacin bazara, hatsi ya ƙare, ya karɓi jika ɗari wajen wata ƴar kasuwa ya jinginar mata da gona. Ta noma ta shekara goma. Shi ya rasu, ita ta rasu. Ƴaƴansa suka zo da jika ɗari suna neman gonarsu, ƴaƴanta suka ce ai saye ne, mu tun muna yara nan muke noma. Kowa cikinsu yana iya zama mai gaskiya a ransa, domin abin da ya ji ke nan. Takarda guda mai cewa “jingina”, da adadin kuɗi da sunayen shaidu, ita za ta kashe wannan wuta tun ba ta tashi ba. Aro ma haka yake. Mai gona ya ba baƙo aro don Allah, bayan shekara ashirin jikokin baƙon su ce ba su san wani gida ba sai nan. Rubuta aro yana kare mai gona, yana kuma kare wanda aka ara wa, don kada a tashe shi bayan ya zuba taki.

Ga iyayenmu mata, maganar ta fi nauyi. A da, maigida yakan yanka wa matarsa gamana daga cikin gandu ta noma abinta. Yau da gonaki suka ƙanƙance, a kudancin jihar nan mata da yawa sun rasa gamana, kuma ko mai ita ta san aro ce: in aure ya mutu, gamana ta bi shi. Saboda haka macen da Allah ya buɗa wa ta sayi gona da guminta, ko da kuɗin asusun Mata Masu Dubara, tsarin da ya faro a jihar Maraɗi a 1991, to ta tabbata sunanta ne a takardar saye. Ba laifi ba ne miji ko wa ya yi mata ciniki, ya sa hannu a matsayin shaida. Amma in sunansa ya hau gurbin mai saye, ranar da ya rasu gonar ta shiga cikin dukiyar gado, sai a raba ta da mutanen da ba su san yadda aka tara kuɗin ba.

Wani kashedi kuma: kada a sayi burtali, ko makiyaya, ko bakin mashaya, komai arhar su. Dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta sa waɗannan wurare cikin dukiyar jama'a. Babu mai ikon sayar da su, wanda ya saya kuwa ya sayi rigima.

Filin gida a cikin gari hanyarsa daban. Fili na rabon gari yana da takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa, da lambar unguwa da lambar fili. Kafin ka miƙa kuɗi, ka je da kanka a buɗe rajista ka ga sunan wanda ke sayar maka, domin sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ba sabon abu ba ne a garuruwanmu. Bayan saye a canza suna, kada a bar takarda da sunan tsohon mai shi. Tun 2024 da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, kantomomin da gwamnati ta naɗa ne ke riƙe da waɗannan ma'aikatu, amma rajistar tana nan. Mai hali ya ƙarasa har ya samu takardar mallaka ta dindindin, wadda banki ke karɓa a matsayin jingina. Tun 2006 aka fito da sassauƙar hanyar samun ta, aka ma raɗa mata suna da Hausa: Sheda.

Bashi hanji ne

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, balle ɗan kasuwa. Mai sarin wake, da mai riɗi, da mai aya, da mai tabarmar kaba ta Gulbin Kaba, duk da bashi suke juya kaya. Malamai sun sha tunatar da mu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Don haka wanda ya ce a rubuta bai zargi kowa ba.

Dokar ciniki da kotunanmu ke aiki da ita ta OHADA ce, ƙungiyar ƙasashen Afirka 17 da suka haɗa dokokin kasuwancinsu tun yarjejeniyar 1993. Abubuwa uku a cikinta ya kamata kowane ɗan kasuwa ya riƙe.

Na farko, tsakanin ƴan kasuwa ana kafa hujja da kowace hanya. Littafin shago, ƴar takardar da aka dangwala wa hannu, shaidar mutane, rasidin aika kuɗi, har saƙon waya, duk alƙali yana iya dubawa. Saboda haka saƙon muryar da abokin ciniki ya turo maka ta WhatsApp yana cewa ka yi haƙuri zai biya bayan kasuwa, kada ka goge shi.

Na biyu, bashi yana tsufa a gaban doka. Gaba ɗaya, bashin kasuwanci yana da shekara 5 a nemi haƙƙi, amma cinikin kaya tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa shekara 2 ne kawai. Kunya da kawaici sun sa mutane da yawa sun zauna har lokaci ya wuce. In wanda kake bi ya amsa bashin a rubuce, lissafin lokacin yana komawa farko. Ashe ko ba zai biya yau ba, ka samu ya rubuta cewa yana sane da bashin.

Na uku, akwai gajeriyar hanya ga bashin da ya tabbata, aka san adadinsa, lokacin biyansa kuma ya yi. Mai bin bashi ya kai buƙatarsa da hujjojinsa kotu, alƙali ya duba, in ya gamsu ya ba da umarnin biya. Wisiye, wato jami'in da ke isar da takardun kotu yana kuma zartar da hukunci, shi zai kai wa wanda ake bi. Shi kuma yana da ƴan kwanaki ƙalilan ya yi jayayya. In ya yi shiru, umarnin ya zauna, ana iya kama kayansa. An sabunta wannan doka a 2023, ta fara aiki a Fabrairu 2024. Darasin ya shafi ɓangare biyu: mai bi ya san yana da hanya, wanda ake bi kuma kada ya cusa takardar wisiye ƙarƙashin tabarma.

Mutane da yawa, da zarar an riƙe masu kuɗi sai su ruga wajen jandarma ko ƴan sanda don a tsorata mutum. A sani, kasa biyan bashi ba laifin ɗauri ba ne, magana ce ta kotun haƙƙoƙi. Abin da ke laifi shi ne zamba, ko cin amana, kamar a ba mutum kaya ya kai Damagaram ya sayar ya kawo kuɗi, ya karkatar da su. Sanin bambancin yana hana mai gaskiya ya koma mai laifi.

Ga masu tsallaka iyaka zuwa Mai'aduwa, Jibiya ko Dawanau ta Kano, Najeriya ba ta cikin OHADA, dokarta daban. Kuma duk bashin da aka ƙulla, a rubuta da wane kuɗi za a biya, naira ko sefa. Waɗanda suka ba da kaya da lissafin naira kafin faɗuwarta a 2023 sun ga yadda riba ke narkewa a hannun wanda ake bi.

Shago da rajista

Ɗan hayar shago yana da kariyar da da yawa ba su sani ba, ko da yarjejeniyar ta baki ce. Wanda ya yi shekara 2 yana sana'arsa a wuri, yana cika sharuɗɗa, yana da haƙƙin a sabunta masa haya. In ba a yanka wa'adi ba, mai son raba hayar sai ya ba da sanarwar wata 6 aƙalla. Ko ɗan haya ya kasa biya, sai an yi masa gargaɗi a hukumance an ba shi wata guda, sannan a je kotu. Mai shago ba ya da ikon sa kwaɗo ko watso kaya waje da kansa. Shi ma ɗan haya ya riƙa karɓar rasidi duk wata. Rumfar kasuwa ta gari kuwa ƙa'idarta daban, tana hannun ma'aikatar magajin gari, don haka kafin ka “sayi” rumfa wajen wani, ka tambaya can ko ana canza suna.

Tun gyaran da aka yi wa dokar a 2010, ƙaramin mai sana'a yana iya bayyana sana'arsa a ofishin magatakardan kotu ba tare da wahalar kafa kamfani ba. Abin da ake nema gare shi shi ne littafi na shiga da fitar kuɗi kullum. Littafin nan shi ne shaidarka ranar rigima, shi ne kuma zai nuna wa magadanka wa kake bi, wa ke bin ka.

Aure, rasuwa da gado

Nijar ba ta da dokar iyali guda ɗaya da ta hau kan kowa. Dokar tsarin kotuna, ta 2004 da wadda ta maye gurbinta a 2018, ta ce a maganar aure, saki, gado da wasiyya, alƙali yana bin al'adar masu shari'a, yana zaune da mashawarta masana al'adar. A yankinmu wannan yana nufin rabon gado bisa Musulunci: matar mamaci tana da tumuni in akwai ƴaƴa, rubu'i in babu, ɗiya mace tana da rabin rabon namiji. Gona ma dukiya ce, tana cikin abin da ake rabawa. Cewa “mace ba ta gadon gona” son zuciya ne, ba addini ba. Kuma kafin a raba, sai an fitar da bashin mamaci, an kuma ware abin da yake na matar tun asali: dabbobinta, jarinta, gonar da ta saya.

Sai dai duk wannan yana tafiya da takardun ɗan ƙasa. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa, aure ko rasuwa. In lokacin ya wuce, sai an bi ta kotu a samu hukuncin da zai maye gurbin takardar. Matar da ba ta da takardar aure, ba ta da ta rasuwar miji, ƴaƴanta ba su da ta haihuwa, za ta sha wuya kafin ta taɓa kuɗin da ya bari a banki ko fanshonsa. Hanyar ita ce: takardar rasuwa, sai taron dangi a rubuce wanda ya lissafa magada ya kuma naɗa wakili, sai kotu ta tabbatar. Wadda aka saka ita ma ta nemi takardar saki a kotu, domin a nan ne ake tsayar da maganar riƙon yara da ciyar da su.

Wanda ba ya da kuɗin lauya fa?

A yawancin waɗannan shari'o'i mutum yana iya tsayawa da kansa gaban alƙali. Ga wanda yake bukatar taimako kuma, doka mai lamba 2011-42 ta Disamba 2011 ta kafa hukumar ANAJJ, mai ofisoshi a manyan kotuna, har da ta Maraɗi. Shawara da bayanin doka kyauta ne ga kowa. Samun mai kare ka a gaban kotu ba tare da biya ba kuwa an tanade shi ga marasa hali da wasu rukunin mutane, cikinsu har da yara, da naƙasassu, da matan da aka ci zarafinsu, da matan da ke neman kuɗin ciyar da ƴaƴa, ko riƙon yaro, ko rabon gado. Mata da yawa suna haƙura da haƙƙinsu don tsoron kuɗin shari'a, alhali dokar ta ambace su.

A yi hattara da dillalan shari'a, masu tare mutum tun daga tasha suna cewa sun san alƙali, a kawo abin goro. Duk kuɗin da doka ta sa a biya yana da rasidi. In an aiko maka sammaci ka je, domin rashin zuwa ba ya hana a yanke hukunci a bayan idonka. In an yanke ba ka gamsu ba, ka tambayi magatakarda tun ranar kwana nawa gare ka ka ɗaukaka ƙara, don wa'adin ba ya jira. Kuma ko da yake kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, takardun hukuma da yawa da Faransanci suke zuwa. Kada ka dangwala yatsa kan abin da ba a karanta maka ba. Ka zo da ɗanka ɗan lakwal ko wani amintacce ya fassara maka, ka karɓi kwafinka, ka ɗauke shi hoto da waya saboda gara da gobara.

Lokacin da ya fi dacewa da waɗannan takardu shi ne lokacin da ake shiri, musamman da kaka, sa'ad da akwai ɗan abin hannu kuma dattawan da suka san iyakoki suna gida. Mai jingina ya nemi abokin jinginarsa su je wajen mai gari. Mai bin bashi ya buɗe littafinsa ya duba wanne ya kusa shekara biyu. Uwa ta duba cikin ƴaƴanta wa ba ya da takardar haihuwa. Matambayi ba ya ɓata, kuma tambaya a Kofo ko a ofishin magatakarda ba ta kai kuɗin motar zuwa Maraɗi sau goma ba. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kuma raba mu da rigima.